Wuri Ɗaya a Tudun Tipton

Piney Gap, Tennessee
14 ga Mayu, 1984

Zuwa ga yayata Ozella,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya gwiwar nan taki mai hana zumunci? Ina fata sanyin Dayton ya sake ki haka nan. Ki gaida Doyle da yara. Ni dai lafiya lau, sai kewa, ita kuwa ta zama abokiyar zama.

Bayan haka, Yaya, na yi baƙo, kuma tun da ya tafi hankalina bai kwanta ba.

Ran Alhamis ina tsugune a lambu ina dashen tumatir sai ga mota mai lambar Missouri ta tsaya a ƙofar gida. Wani dogon mutum ya fito, zai yi shekara sittin, hularsa a hannu. Ya ce sunansa Delmar Pruitt, wai a laburaren garinsu ya ga littafina na zuriyar Tipton, ya yi tuƙin kwana biyu don ya gan ni. Kin san ni da littafin nan. Shekara ashirin da biyu na yi ina haɗa shi, duk wanda ya yabe shi ya sha kofi. Na shigar da shi falo, na yanka masa kek ɗin tuffa. Sai da ya ci ya ƙoshi sannan ya fito da abin da ke tafe da shi.

Wai shi jininmu ne. Wai mahaifiyarsa, wata Lorene, shekararta tamanin da takwas, tana kwance likitoci sun ce sai haƙuri, kuma ba ta da wani buri sai a binne ta a tudunmu, maƙabartar dangi. Na tambaye shi ta wane reshe. Ya ce ta Mahala, 'yar Elam Tipton kakan babanmu, ita ce kakar mahaifiyarsa, ita ta raine ta.

Mahala fa, Yaya. Ƙaramin dutsen kabarin nan mai hoton ɗan rago da muke ɗora wa furen daji muna yara. A jikinsa an rubuta ta rasu a 1851 tana da shekara uku. Na ajiye kofina na ce masa, "Mista Pruitt, yarinyar da ta mutu tana shekara uku, ban san ta inda ta samo jika ba." Bai ji haushi ba, bai kuma ji kunya ba, wannan ma ya ƙara ba ni tsoro. Cewa ya yi shi ma ya ga dutsen a littafina, amma abin da uwarsa ta gaya masa ke nan, zai kawo takardu.

Rabonki da hawa tudun tun jana'izar mijina Hoyt, shekara tara ke nan, don haka bari in tuna miki. Tun da aka sa Baffa Lon bara, wuri ɗaya tak ya rage a cikin shingen. Sauran duk dutse ne, ko injin haƙa ya gwada ya haƙura. Wurin nan ɗaya kuwa shi ne na kusa da mijina. Kowa a dangi ya san nawa ne, ba wanda ya taɓa faɗa, ba kuma wanda zai yi musu. Amma takardar da Elam ya bari ba ta san kara ba: ta ce tudun na jininsa ne da matansu da mazajensu, ba a kama wa kowa wuri, wanda ya riga mutuwa shi ke da shi.

Shekara talatin da ɗaya na yi a gidan waya, na ga masu kwal da masu katako suna aiko da 'yan'uwan ƙarya don su sa ƙafa a gonar mutane. Ruwa ba ya tsami banza. Ga shi kuma da zai fita ya tsaya ya ƙura wa furannin da Kaka Keziah matar Elam ta saƙa da gashin 'ya'yanta ido, wannan abin da ke cikin gilashi a bangon falo, wanda kike gudun wucewa ta gabansa. An ce masu sayen kayan da suna nemansu ruwa a jallo. Na sa sakata a ƙofar baya.

Na gaya wa Burl, tunda shi ke shugabantar kwamitin maƙabarta. Ya ce a bari sai Lahadin Furanni, goma ga Yuni, in dangi sun taru share kaburbura, kuma abin da na faɗa shi za a yi, tunda ni ce mai littafi.

Ki rubuto min abin da kika gani. Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙanwarki,
Arvilla


Piney Gap
23 ga Mayu

Yaya Ozella,

Barka da war haka. Wasiƙarki ta iso, na ji daɗi da aka rage miki magani. Ki daina hawa bene da kwandon wanki, Doyle yana da hannu.

Na karanta tambayarki har sau biyu, kuma ban ɓoye miki ba, ta ɓata min rai. Kin ce ko Mahala biyu aka yi, tunda mutanen da in yaro ya mutu sukan mai da sunansa kan wanda aka haifa bayansa. Ni za ki koya wa wannan? A dangin Mama ma Silas biyu ne, ni na gano su. Amma Littafi Mai Tsarki na gidan Elam yana hannuna, shi da kansa ya rubuta haihuwar 'ya'yansa. Goma sha ɗaya ne, Mahala ɗaya ce. Uba ba ya manta ɗan da ya haifa.

Mutumin naki ya kama ɗaki a masaukin bakin titi, ya ƙi tafiya. Ya kawo min takardar mutuwa daga Missouri, ta wata Mahala Stroud, an haife ta a Tennessee a 1853, ta rasu a 1931, sunan uba Elam Tipton. Na riƙe takardar na ce a raina, ai abin da aka gaya wa magatakarda shi yake rubutawa, ko an ce masa ubanta gwamna ne haka zai sa. Kuma Stroud! Kin tuna labarin da Kaka Jeptha, ɗan Elam, yake bayarwa. Lokacin yaƙin basasa gidan Stroud suna wancan ɓangaren, kuma a hannunsu babban ɗan Elam ya mutu a mashigin rafi. Bayan yaƙi suka tattara suka yi yamma ba sallama. A ce 'yar Elam ta auri Stroud? Da ya zaɓi wata ƙaryar.

Sai dai akwai abu ɗaya, kuma don ke ce zan faɗa. Ya kawo min ƙidayar jama'a ta 1860. A gidan Elam an rubuta Mahala, mace, shekara bakwai. Ni ma na san layin nan, na gan shi tun 1966. A shafi na arba'in na littafina na rubuta cewa kuskuren mai ƙidaya ne, har na yi masa ba'a na ce ƙila ya biya ta gidan masu dafa barasa kafin ya iso. Har yanzu a kan haka nake. Wanda ya karanta littafina da mugun nufi, ai nan ne ramin da zai shiga.

Ya iya sayen zuciya, wannan kam na ba shi. Ya gyara wa Burl famfo, ya je coci ran Lahadi ya zauna a layin baya, matan mawaƙa har sun fara cewa hancinsa na Baffa Lon ne. Na ce musu hanci ba takarda ba ne. Burl ya ce min, "Arvilla, ke ko Elam ne ya tashi daga kabari sai kin tambaye shi shaida." Na ce ƙwarai kuwa, da hatimi.

Jiya Mista Pruitt ya sake zuwa. A baranda na tsai da shi. Ya ce uwarsa ta ba shi saƙo ta waya. Wai Mahala jan gashi ne da ita, kuma safiyar da za ta bar gida uwarta ta bi ta har bakin rijiya da almakashi ta yanki silin gashinta. Wai har ta tsufa tana cewa ko ba ta koma ba, dole wani nata ya koma tudun, kuma Lorene ta yi mata wannan alkawari. Na ce masa kaf zuriyar Tipton ba a taɓa yin mai jan gashi ba. Ya ce to, ya sa hularsa ya tafi.

Na yafa wa gilashin Kaka Keziah ƙyalle saboda ƙura ta yi yawa bana.

Ki gaida kowa.

Taki,
Arvilla


Piney Gap
5 ga Yuni

Yayata,

Ina gaisuwa, ina kuma fata kina lafiya. Yau ba zan tsawaita gaisuwar ba. Ki karanta wannan ke kaɗai, kada ki ba Doyle.

Kwana goma sha uku ina wucewa ta gaban ƙyallen nan ina kau da kai. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Yau da safe na ce bari in duba don in samu abin da zan rufe bakin Mista Pruitt da shi ran Lahadi. Na sauke gilashin, na kai teburin kicin inda rana ke shigowa, na zare ƙusoshin baya.

Kin san yadda Kaka Keziah ta yi shi: kowane ɗa fure ɗaya, da gashin kansa, a naɗe a siririyar waya. Tun muna yara ake ce mana goma sha ɗaya ne, ba wanda ya taɓa ƙirgawa, wa zai tsaya ƙirga gashin matattu? Na bi su da tsinken saƙa ɗaya bayan ɗaya. Ga na marigayin yaƙi, baƙi wuluk. Ga na Kaka Jeptha. Ga wani ɗan mitsitsi mai laushi kamar auduga, wannan na yarinyar da ke ƙarƙashin ɗan rago ne. Goma sha ɗaya cif. Har na yi ajiyar zuciya. Sai na ɗaga ƙullin ƙyallen alharinin da ke ƙasa don in kakkaɓe shi.

Yaya, akwai na goma sha biyu. An cusa shi a bayan ƙullin, inda mai kallo daga gaba ba zai taɓa gani ba. Ja ne, kuma da yake rana ba ta taɓa shi ba ko kaɗan bai koɗe ba.

Na ɗauko Littafin Elam. Tsakanin haihuwar 1850 da ta 1856 akwai fili, na sha ganinsa, ina cewa tazarar rubutu ce. Na ɗaga shafin a taga. Wurin ya fi ko'ina siranta, haske yana ratsa shi. An kankare shi da aska, a hankali, aikin mutumin da ya zauna ya ba abin lokaci. A gefe ana iya ganin burbushin lamba 53.

Ashe uba yana manta ɗan da ya haifa in ya ga dama. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, Elam ya yanke ya yar, don kawai ta auri Stroud. Ita kuwa matarsa ba ta iya karatu ba, ba ta da bakin magana a gabansa, sai ta rubuta nata da abin da ta iya, ta rataye a bango a kan idonsa har ya mutu.

Shekara ashirin da biyu ina bin kotuna da maƙabartu har Virginia, alhali shaidar tana rataye a falona. Na yi wa mai ƙidaya sharri, bawan Allah ya yi aikinsa daidai.

Na mai da ƙusoshin, na rataye shi, na mai da ƙyallen. Ba wanda ya sani sai ni, yanzu kuma sai ke. Tun ranar da aka sa Hoyt nake share wurin nan na kusa da shi, ni na dasa masa ciyawa. Shekara talatin da takwas muna kwana gefe da gefe. Lorene ɗin nan ko sau ɗaya ba ta taɓa ganin tudun ba.

Kuma har yanzu ban san mutumin nan ba. Labarin gaskiya ma maƙaryaci yana iya tsinta a hanya. Wa ya tabbatar min akwai wata Lorene?

Ki yi min addu'a, kada ki yi min wa'azi.

Arvilla


Piney Gap
11 ga Yuni

Yaya Ozella,

Gaisuwa da fatan kun wuni lafiya. Dangi duk suna gaishe ki, an yi ta cigiyarki jiya.

An yi taro lafiya. Mutum sittin da wani abu suka zo. An nome, an wanke duwatsu, an sa furanni, fasto ya yi addu'a, aka shimfiɗa abinci a kan katakai a ƙarƙashin itatuwa. Waken matar Burl ya sake yin gishiri, ba wanda ya gaya mata.

Mista Pruitt ya riga kowa hawa. Ko da na iso na tarar ya gama nome gefen gabas shi kaɗai, har da kabarin Hoyt, bai ma san na waye ba. Ya sa farin fure a kan ɗan rago, na lura kuma ya sa wa Kaka Keziah ja.

Bayan an ci abinci Burl ya buga cokali a kwano ya ce to, mai littafi, muna saurare. Na miƙe. Yaya, ina rantse miki na hau tudun nan da niyyar faɗa. Na buɗe baki, sai idona ya faɗa kan ciyawar da na dasa. Abin da ya fito shi ne, takardun Missouri suna da rauni, Littafin Elam ya ce goma sha ɗaya, bincike bai kammala ba, a ba ni lokaci. Ba wanda ya ja. Burl ya ce a ɗage sai na gama.

Ban yi ƙarya ba, ki duba da kyau. Kowace kalma da na faɗa gaskiya ce.

Mista Pruitt kuwa ya zo ya same ni ina tattara kwanuka. Na shirya wa faɗa, ko roƙo, ko barazanar lauya, da ya yi ɗaya daga ciki da na samu sauƙi. Cewa ya yi, "Misis Cagle, na gode da wahalar da kike sha a kanmu. Ni ma da ni ne ba zan yarda da baƙo haka kawai ba." Ya ce an kira shi daga gida, jikin ya tsananta, a ranar zai kama hanya. Ya rubuta min lambar waya a bayan takardar waƙoƙin coci.

Wannan ladabin nasa ne ban gane ba. Mutum a hana shi abu ya yi godiya? Ko dai akwai wata a ƙasa, ko kuwa ni ce na manta yadda mutanen kirki suke.

Zan ɗan jira in ga abin da zai biyo baya. In na kamfani ne, za su nuna kansu.

Ƙanwarki,
Arvilla


Piney Gap
2 ga Yuli

Zuwa ga Yaya Ozella,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Doyle da yara. Na samu wasiƙunki biyu. Na ce kada ki yi min wa'azi, kin kuwa cika, layi ɗaya kika rubuta a ta biyun, kika tambaye ni da wane ido zan kalli Hoyt in na kwanta a wurin. Da kin zage ni da ya fi min sauƙi.

Ba kamfanin da ya zo, ba lauya. Kullum ina leƙen akwatin wasiƙu ina jiran abin da zai wanke ni, ba abin da ya zo sai takardar tallan iri. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na wani.

Ran Talatar da ta wuce na je wurin Burl da gilashin da Littafin, na nuna masa komai, har da ranar da na gani. Da ya gama dubawa ya ce in je in kira mutumin. Na dawo gida na buga lambar.

Shi ya ɗauka. Na ce masa Mahala tamu ce, uwarsa tamu ce, wurin nata ne, a kawo ta duk ranar da Allah ya yi. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce ta rasu ran sha tara ga Yuni, an binne ta ran ashirin da biyu a maƙabartar garinsu, kusa da babban titi. Kwana huɗu ke nan kafin in kira.

Na tambaye shi ko ta sani. Ya ce, "Sau biyu ta tambaya ko an amsa. Na ce mata 'yar'uwarmu tana kan dubawa, mai tsanaki ce, ba ta yin abu da ka. Ta ce madalla, gara a tabbatar."

Na gaya masa gaskiya, Yaya, duka. Na ce tun biyar ga wata na sani, kuma na gaya masa dalilina. Ya ce ya lura da yadda nake kallon ciyawar nan ranar taro, ya kuma karanta sunan da ke kan dutsen gefe daga baya. Na ce a tono ta a kawo, ni zan tsaya a kan komai. Ya ce a'a, ta sha wahalar jiki, a bar ta ta huta.

Na rubuta wa maɗaba'a a gyara shafi na arba'in, a ƙara reshe guda. Mahala ta biyu ta haifi bakwai, zuriyarta ta fi ta Kaka Jeptha yawa. Delmar ya yi alkawarin aiko min da sunayensu.

Shekaranjiya saƙo ya zo daga Missouri. Na juya ambulan ɗin na duba hatimi, na ɗaga shi a haske, hali ba ya barin mai shi. A ciki akwai farin gashi, ɗaure da zaren ɗinki, da 'yar takarda mai layi biyu. Ya ce na uwarsa ne, ya yanka kafin a rufe akwatin gawar, bai san dalili ba a lokacin. Ya ce in akwai wuri a cikin gilashin, in ba zai takura kowa ba.

Ban iya saƙa fure ba. Na zare ƙusoshin, na fito da jan daga bayan ƙullin na kawo shi gaba, na kwantar da farin a gefensa yadda ya zo. Na cire ƙyallen na mai da shi kicin.

Wurin kusa da Hoyt nawa ne yanzu, ba mai ƙwace min. Tun ranar taro ban sake hawa tudun ba, an ce ciyawar ta yi tsawo.

In gwiwar ta bari, ki zo kafin kaka. Ki taho da almakashinki mai kaifi, nawa ya dakushe.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai kewarki,
Arvilla Tipton Cagle